Laifin Koci Ne Ko Na 'Yan Wasa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Auna Tsaron Baya a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Duk ranar Asabar daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, jami'o'in Amurka kan fafata a ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa. Da zarar an lallasa wata ƙungiya, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanin magoya bayanta: wasu su ce a kori kocin tsaro, wasu su ce ai ba shi da 'yan wasan kirki ne. Waɗannan amsoshi na mai son shiga gardamar ne da hujja a hannu.

Da farko, mene ne aikin masu tsaro a wannan wasa?

Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga da ƙwallo gidan ƙarshe ya sami maki 6, wanda ya buga ta tsakanin turaku ya sami 3. Aikin masu tsaro su hana wannan tafiya.

Sahu uku suke tsayawa. A gaba akwai ƙarti masu nauyi da ke kokawa da masu kare mai jifa, wato jagoran harin da ke jefa ƙwallo. A tsakiya akwai masu karantar wasa, su ne ke toshe kafar da mai gudu da ƙwallo zai bi. Can baya kuma akwai masu sauri, waɗanda ke bin masu cafe ƙwallo. Ba kamar ƙwallon ƙafar da muka saba ba, masu tsaro daban, masu hari daban; in waɗannan na fili, waɗancan na zaune a benci.

Wa ake kamawa in tsaro ya lalace?

Kocin tsaro, wato mataimakin babban koci da aka danƙa wa wannan ɓangare gaba ɗaya. Shi ke tsara dabara cikin mako, shi ke kiran abin da za a yi kafin kowane yunƙuri, wato kowace dama ɗaya ta ciyar da ƙwallo gaba. A ƙarƙashinsa kowane sahu na da nasa mai horarwa. Amma a lura da inda babban kocin ya fito. Kirby Smart na jami'ar Jojiya ya yi wa Nick Saban aikin kocin tsaro a Alabama daga 2008 zuwa 2015 kafin ya karɓi Jojiya, saboda haka ko wa ya riƙe muƙamin a can, hannun Smart na cikin tsarin. A ƙungiyar da babban kocinta gwanin hari ne kuwa, sau da yawa kocin tsaro shi kaɗai ake bari da kayansa.

Me zai hana a duba makin da aka zura musu kawai, a huta?

Domin makin ba na tsaro ba ne su kaɗai. Ƙungiyar da masu harinta ke wasa da gaggawa tana yawan mayar wa abokan karawa ƙwallo, sai masu tsaronta su shiga fili sau 14 ko 15 a wasa guda. Ƙungiyar da ke jan lokaci, irin na makarantun soja da ke gudu da ƙwallo a ƙasa, nata masu tsaron ƙila sau 8 ko 9 za su shiga. In an zura wa ta farko maki 28, ta biyu 21, ba lallai ta biyun ta fi iya tsaro ba. Haka kuma in mai jifanka ya zubar da ƙwallo a bakin gidanku, abokan karawa suka ci maki daga yadi 10, a kundin lissafi masu tsaro za a rubuta wa.

Yawan yadin da aka ci a wasa ma ciwonsa ɗaya ne, kuma shi ne lissafin da masu sharhi a talabijin suka fi yawan ambata, ba don komai ba sai don sauƙinsa.

To wane lissafi ya fi faɗin gaskiya?

Ka fara da maki nawa ake ci a kansu duk lokacin da abokan karawa suka karɓi ƙwallo, sannan yadi nawa ake ci a kowane yunƙuri. Waɗannan biyun sun kawar da batun gaggawa ko jan lokaci.

Bayansu akwai ma'aunin nasarar yunƙuri. Masu nazari kan ce yunƙuri ya yi nasara in ya ci rabin yadin da ake buƙata a dama ta farko, kashi 70 cikin ɗari a ta biyu, ko dukansa a ta uku da ta huɗu. Tsaron da ke hana wannan shi ke tilasta wa masu hari shiga dama ta uku da sauran yadi 8 ko 9 a gabansu, inda kowa a filin ya san jifa za a yi. Sai ka haɗa da yawan dogayen yunƙurin da aka yi musu, na yadi 20 zuwa sama. Akwai tsaron da zai riƙe ka sau tara, a na goma ka tsere yadi 70. Akwai wanda zai bar ka ka ci huɗu-huɗu amma ba za ka taɓa wuce bayansa ba. Kowane da irin kocin da ke son sa.

Abu biyu kuma a cire. A cire mintunan ƙarshen wasan da aka riga aka gama da shi, lokacin da 'yan benci ke fili. A kuma duba da wa aka kara, domin manyan jami'o'i kan biya ƙanana kuɗi su zo a doke su a watan Satumba, lissafi ya yi kyau. Ma'aunin SP+ na Bill Connelly da ke kafar wasanni ta ESPN yana yin waɗannan gyare-gyaren, shi ya sa ya fi jadawalin yadi amfani.

Duk wannan bai raba koci da ɗan wasa ba. Ta yaya zan raba su da idona?

Nan ne ainihin maganar, kuma lissafi ba zai yi maka ba, sai ka sake kallon wasan. Duk yunƙurin da aka ci yadi mai yawa, ka tsayar da hoton daidai lokacin da aka cafe ƙwallo ko mai gudu ya ɓulle, ka tambayi kanka abu ɗaya: akwai mai tsaro a wurin, ko babu?

In akwai shi, yana manne da mutuminsa, amma wancan ya fi shi tsawo ya yi tsalle ya cafe, ko ya fi shi gudu ya bar shi taku biyu, wannan ƙarfi ne ya ƙare. Koci ya ajiye shi inda ya dace, an fi shi ne. In kuwa mai cafe ƙwallo yana tsaye shi kaɗai, ba kowa yadi 15 kewaye da shi, sannan bayan an ci maki ka ga masu tsaro biyu suna kallon juna, ɗaya ya buɗe tafukan hannu, ɗaya yana nuna ƙirjinsa yana girgiza kai, to ɗaya ya ɗauka mutum-da-mutum aka kira, ɗayan ya ɗauka tsaron yanki ne. Sau ɗaya a wasa, kuskuren yaro ne ɗan shekara 19. Sau uku kowane mako, har watan Nuwamba, na koci ne, ko da kuwa a takarda dabararsa babu kamarta. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade sa'o'i 20 a mako na atisaye da tarukan ƙungiya a lokacin gasa, kuma yaran ɗalibai ne. Kocin da ya ɗora musu abin da ba za su iya riƙewa cikin wannan lokaci ba, shi ya jawo.

Ka kuma kalli daƙiƙu biyar kafin a fara yunƙuri. Tsaron da aka horar da kyau za ka ga kowa ya riga ya durƙusa a wurinsa, ana nuna wa juna hannu, in mai hari ɗaya ya sauya gefe, su ma su gyara tsayuwa ba tare da waige ba. Wanda ba a horar ba za ka ga rabinsu na kallon benci har ƙwallo ta motsa. Tun daga 2024 an yarda koci ya yi magana da ɗan wasa ɗaya ta na'urar da ke cikin hularsa, ana yanke sautin in saura daƙiƙa 15 a agogon yunƙuri, saboda haka uzurin cewa saƙo bai iso ba ya ragu ƙwarai.

Kuskuren kayar da mai ƙwallo shi ne mai wuyar hukunci. Ɗan wasa ɗaya da ake yawan kuɓuce masa, matsalarsa ce. Amma in duk ƙungiyar na zuwa da kafaɗa ba ta rungumar ƙugu, ko in mutum ɗaya ya kuskure babu na biyu da na uku da ke biye, wannan daga filin atisaye ya samo asali. Gudu zuwa wurin ƙwallo ba ya buƙatar baiwa.

Taurarin da ake ba yara tun suna sakandare, a yarda da su?

A kan yaro ɗaya, da taka-tsantsan. A kan ƙungiya gaba ɗaya, sosai. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals kan auna 'yan sakandare su ba su taurari, biyar shi ne ƙoli, kuma 'yan kaɗan ne ke samun biyar ɗin a duk faɗin ƙasar kowace shekara. Wani manazarci, Bud Elliott, ya shahara da lura cewa masu ɗaukar kofin ƙasa kusan kullum su ne waɗanda fiye da rabin yaran da suka ɗauka cikin shekara huɗu masu taurari huɗu ne ko biyar.

Amfaninsu wajen auna koci shi ne su gaya maka abin da ya kamata ka sa rai. Ƙungiyar da ke cikin goman farko wajen ɗaukar yara amma tsaronta na 60 a ƙasa, ba sai an yi dogon bincike ba. Sai dai kada a manta cewa a jami'a koci shi ne mai zuwa gidajen iyaye ya shawo kan yaran. In ya shekara huɗu yana kukan rashin 'yan wasa, shi ya kasa kawo su.

Ana yawan ambaton tsaron Jojiya na 2021. Koci ne ya yi shi ko 'yan wasa?

Ga abin da suka yi: maki 83 kacal aka zura musu a wasa 12 na kakar, sun hana Vanderbilt da Arkansas da Georgia Tech cin ko maki ɗaya, kuma a wasan buɗe kaka sun doke Clemson 10 da 3, inda shiga gida ɗaya tilo da aka yi a wasan mai tsaronsu Christopher Smith ne ya tare jifa ya ruga da ita. Har da wasannin kofi, matsakaicin abin da aka ci su maki 10.2 ne.

Ga kuma mutanen: a zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru ta ƙasar, na 2022, masu tsaron Jojiya biyar aka ɗauka a zagayen farko. Travon Walker na 1, Jordan Davis na 13, Quay Walker na 22, Devonte Wyatt na 28, Lewis Cine na 32. Jalen Carter da Nolan Smith, su ma 'yan wannan tsaron, a zagayen farko na 2023 aka ɗauke su. Yawan gwanayen ya kai har Jermaine Johnson ya bar Jojiya ya koma Florida State don ya sami lokacin wasa, ya je can ya zama gwarzon mai tsaro na gasar rukunin jami'o'i na ACC, shi ma aka ɗauke shi a zagayen farko. Da irin waɗannan, ko koci matsakaici zai yi suna.

Amma akwai aikin koci da ake gani, kuma yana cikin abin da ya hana su yi. Walker, wanda aka ɗauka na ɗaya a duk ƙasar, sau 6 kawai ya kayar da mai jifa a kakar. Davis, mai nauyin kilo kusan 155 da ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.78 a gwajin NFL, sau 2. Aikin da Smart da kocin tsaronsa Dan Lanning suka ba su shi ne su riƙe masu karewa biyu-biyu, su toshe tsakiya, domin 'yan sahun tsakiya Nakobe Dean da Quay Walker su zo daga baya a sake. Ka kalli Davis a kowane yunƙuri: mutum biyu sun dafa shi, bai matsa ko taku ɗaya ba, mai gudu ya iso ya tarar babu kafa, ya karkata gefe, Dean ya tarbe shi. A takardar lissafi Dean ne ya yi aiki. Shawo kan yaran da kowannensu tauraro ne a garinsu su yarda da aikin da ba a rubuta sunansu, suna kuma musayar fili da juna, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo shekarar da ta biyo. Mutum biyar ɗin sun tafi, Lanning ya tafi ya zama babban kocin Oregon, Glenn Schumann da Will Muschamp suka karɓa, Jojiya ta ci wasa 15 ba a doke ta ba, ta rufe da lallasa TCU 65 da 7.

In haka suka kai, ya aka yi Alabama ta zura musu 41?

Ranar 4 ga Disamba 2021, a wasan ƙarshe na gasar SEC, rukunin da jami'o'in biyu ke ciki, Alabama ta ci 41 da 24. Mai jifan Alabama Bryce Young ya jefa yadi 421, Jameson Williams shi kaɗai ya cafe na 184, kuma ƙartin nan na Jojiya ba su kayar da Young ko sau ɗaya ba. Ranar 10 ga Janairu 2022 suka sake haɗuwa a Indiyanapolis a wasan kofin ƙasa, Jojiya ta ci 33 da 18, kofinta na farko tun 1980. Wannan karon sun kayar da Young, sun tare jifansa biyu, Kelee Ringo ya ruga da ta ƙarshen yadi 79 zuwa gida. Sau huɗu Alabama ta matso kusa ta ƙare da bugun maki 3.

Masu yabon koci suna son wannan labari, kuma gaskiya an gyara abubuwa, musamman yadda ake matsa wa Young lamba. Amma John Metchie, ɗaya daga manyan masu cafe ƙwallon Alabama, ya ji ciwon gwiwa a wasan farko bai buga na biyu ba, Williams kuma gwiwarsa ta tafi kafin hutun rabin lokaci a na biyun. Duk wanda ya ba ka labarin gyaran dabara bai ambaci gwiwoyin nan biyu ba, rabin labari ya ba ka.

Akwai inda za a ga aikin koci ba tare da tarin taurari ba?

Jami'ar Ayowa. Phil Parker yana tare da babban koci Kirk Ferentz tun 1999, kocin tsaro tun 2012. Ayowa ba ta gogayya da su Alabama wajen ɗaukar masu taurari biyar, kuma dabarar Parker ba ɓoyayyiya ba ce: tsaron yanki, ido a kan mai jifa, kada kowa ya wuce bayanka, a kayar da mai ƙwallo inda aka same shi. A 2023 masu harin Ayowa su ne na ƙarshe a duk rukunin manyan jami'o'i wajen cin yadi, suna cin maki 15 da 'yan kai a wasa, amma ƙungiyar ta ci wasa 10, domin abin da ake zura mata bai kai 15 ba. An ba Parker kyautar Broyles ta mataimakin kocin da ya fi kowa a shekarar. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Kada dai a ce yaran ba gwanaye ba ne. Jack Campbell da Lukas Van Ness a zagayen farko na 2023 aka ɗauke su, Van Ness ma bai taɓa fara wasa cikin 11 na farko a Ayowa ba. Cooper DeJean, ɗan wani ƙaramin gari a jihar, ya je ya tare jifa ya shiga gida a Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, a Fabrairu 2025. Bambancin shi ne a Ayowa aka gano su, a can aka gina su. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kowane koci: da taurari nawa yaro ya shigo, a wane zagaye ya fita.

Ƙungiyata na yawan ƙwace ƙwallo. Ba alamar koci nagari ba ce?

Wani ɓangare. Fizge ƙwallo daga hannu da kai hannu ga jifa ana koyar da su. Amma ƙwallon nan mai tsini biyu in ta faɗi ƙasa, inda za ta billa kusan sa'a ce, shi ya sa lissafin ƙwace ƙwallo ba ya cika maimaita kansa shekara biyu a jere.

Jami'ar USC ta 2022 ta fi kowa a ƙasar tazara tsakanin ƙwallon da ta ƙwace da wadda ta zubar, ga mai jifanta Caleb Williams yana zuba maki, sai hakan ya rufe yadda ake ratsa tsaron da kocin tsaronta Alex Grinch ya tsara. Ƙarshen kaka ya tona: Utah ta ci su 47 da 24, Tulane ta farke tazarar maki 15 a mintunan ƙarshe ta ci 46 da 45. Aka bar Grinch a kujerarsa. A Nuwamba 2023 Washington ta zura musu 52, Dillon Johnson shi kaɗai ya yi gudun yadi 256, washegari aka sallame shi.

Tsarin da ke aiki a kan kowa zai iya kasawa a kan ƙungiya ɗaya?

Sosai, kuma Don Brown, tsohon kocin tsaron Mishigan, shi ne misali. Shi mai rubdugu ne, yana tura mutane da yawa kan mai jifa ya bar 'yan baya mutum-da-mutum. A kan yawancin abokan karawa yaransa sun fi gudu, sai abin ya yi kyau. A 2018 tsaronsa ne na ɗaya a ƙasar lokacin da suka je wa jami'ar Jihar Ohayo. Can suka tarar da masu cafe ƙwallo da suka fi nasu sauri, ana ta aiko su suna gitta fili daga wannan gefe zuwa wancan, aka tashi 62 da 39. Shekara ta gaba 56 da 27. Kocin da dabararsa ke buƙatar ya fi kowa 'yan wasa, a ranar da bai fi ba ake auna shi.

Mike Macdonald ya karɓa a 2021, ya rage mutum-da-mutum, ya riƙa ɓoye abin da zai yi, ya tsayar da Aidan Hutchinson da David Ojabo a gefuna biyu su far wa mai jifa. Ojabo haifaffen Najeriya ne da ya tashi a Sikotilan, bai fara wannan wasa ba sai da ya je sakandare a Amurka, kuma kafin wannan kakar da ƙyar aka san sunansa. Ya kayar da mai jifa sau 11, Hutchinson sau 14, Mishigan ta doke Ohayo 42 da 27.

Sauya sheƙa da kuɗin talla sun canja yadda ake aunawa?

Sun canja. Tun 2021 ɗan wasa na iya komawa wata jami'a ya buga nan take, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekarar an halatta masa samun kuɗi da sunansa. Yanzu sai ka duba su wa suka shigo, su wa suka fice, kafin ka kwatanta bana da bara. Kocin da ke gina yaro shekara biyu wata mai kuɗi ta zo ta ɗauke, a lissafi ba za ka ga wahalarsa ba.

Shekara nawa ya kamata a ba sabon kocin tsaro?

Alamun farko ba sa jiran shekara: tsayuwa daidai kafin yunƙuri, gudu zuwa ƙwallo, raguwar kallon-kallo bayan an ci maki. In babu waɗannan zuwa tsakiyar kakar farko, akwai damuwa. Sakamako kuwa ya kan ɗauki biyu zuwa uku. Jim Knowles ya zo Jihar Ohayo daga Oklahoma State a 2022, a shekararsa ta farko Mishigan ta shiga gidansu sau biyar daga nesa, mafi kusa yadi 45, aka tashi 45 da 23, magoya baya da yawa suka nemi a kore shi. An bar shi, ya rage kasada. A kakar 2024 Oregon ta doke su 32 da 31 a Oktoba, suka sake haɗuwa a wasan kofi na Rose Bowl suka rama 41 da 21, sannan ranar 20 ga Janairu 2025 suka doke Notre Dame 34 da 23 suka ɗauki kofin ƙasa, da tsaron da aka fi kowa wahalar zura wa maki a wannan kakar.